Ire-iren Masu Injin Iska a Ƙasar Maradun, Mafara da Bakura

Injin iska, wanda masu sana'a ke kira kwamfaresa, na'ura ce da ke zuƙo iska ta matse ta cikin tanki, domin a hura taya, a fesa fenti, ko a fasa dutse. Sassansa ba su da yawa: inji mai juya shi, na fetur ko dizal ko lantarki; kai mai fistin da ke matse iskar; bel; filta; tanki; geji; bawul ɗin tsaro da ke sakin iska idan matsi ya wuce kima; sai ɗan famfo a gindin tanki na zubar da ruwa. A babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, wadda ta bi ta Talata Mafara, da rassan da suka nufi Maradun da Bakura, ana samunsa a inuwar dogon yaro, kusa da tarin tsofaffin tayoyi. Injinan kusan duk ɗaya ne. Masu su ne suka bambanta, kuma an kasa su gida uku.

GIDA NA ƊAYA: MASU SAYE

Mai ganin tanki. Wannan yakan tafi Gusau ko Kano ya zaɓi injin da tankinsa ya fi na kowa girma, lita 200 ko sama, ba tare da ya dubi kan ba. Alhali tanki rumbu ne kawai, kai shi ne manomin. Abin tambaya shi ne lita nawa na iska kan ke bayarwa a minti ɗaya, da iyakar matsin da yake kaiwa. Ƙananan injinan shago sukan tsaya wajen 115 a geji, babbar taya ta tirela kuwa takan nemi 100 ko fiye. Ana gane mai irin wannan inji da tsawon hirarsa da kwastoma, domin dole ya samo labarin da zai ba shi kafin tanki ya cika.

Mai jiran wuta. Na lantarki ya saya, saboda ba shi da ƙara sosai kuma ba ya shan fetur, lissafin da ya ƙara kyau tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023. Abu ɗaya ya manta: wutar. Ran da aka kawo ta ma, in ba ta da ƙarfi, injin gurnani yake yi ya kasa tashi, in aka matsa masa koyil ya ƙone. Daga bisani mai shi yakan sayi janareta, ya gano cewa tayar da injin na bukatar ninkin wutar da yake ci yana tafiya. A halin yanzu a kan tankin ake ajiye tabarmar salla da kwanon abinci.

Mai haɗe-haɗe. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, noman rani ya zauna a yankin, ƙananan injinan ban-ruwa kuma suka yawaita. Wannan gwani yakan ciro injin famfon ruwa, ya samo kai da tankin birki na tsohuwar babbar mota, ya ɗaure su a kan katako. Abin mamaki, yana aiki. Bawul ɗin tsaro ne kaɗai ba ya sawa, don a ganinsa ɓarnar iska yake yi. Da kunne yake sanin tanki ya cika, yaransa kuma sun san bayan bishiyar da za su tsaya.

GIDA NA BIYU: MASU AIKI DA SHI

Mai geji a yatsa. Tayoyin yawancin ƙananan motoci na bukatar matsi tsakanin 30 da 35 a geji, kuma lambar na rubuce a jikin ƙofar direba. Wadda ke gefen taya iyaka ce da ba a wucewa. Ana kuma auna taya ne tana da sanyi, domin zafin kwalta na ƙara mata matsi, balle a watan Afrilu da zafi kan haura digiri 40. Duk wannan bai dami malamin ba. Allurar gejinsa ta faɗi tun bara. Yakan danna tayar da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa ta da sifana, ya karkata kai kamar mai sauraron sirri, sannan ya ce, "Alhaji, ta yi." In aka auna daga baya, tayoyi huɗu lamba huɗu.

Ƙara-kaɗan. Wannan kwastoma ne, kuma ran kasuwar Mafara aka fi ganinsa, da buhu uku na shinkafa a kan babur da fasinja a saman buhunan. Ko nawa aka hura, maganarsa ɗaya ce: "Maigida, ƙara kaɗan." Tayar da iska ta yi wa yawa ta tsakiya take cinyewa, ba ta kama ƙasa sosai, kuma rami ɗaya ya isa ya fasa ta. Da yamma yakan dawo yana tura babur, ya ɗora laifin a kan facin makon jiya.

Mai iskar Allah. Shi ma kwastoma ne. Sai an gama hura masa yake tambaya ko yanzu har iska sayar da ita ake yi. Amsar da masu faci suka tanada ita ce iskar kyauta ce, fetur ɗin da ya tura ta ne na kuɗi.

Mai fenti. Iskar da aka matse takan yi zafi, in ta huce a tanki danshin da ke cikinta ya zama ruwa. Don haka mai fesa fenti na bukatar matarin ruwa a kan tiyo, musamman da damina, daga Yuni zuwa Satumba. Wannan bai da shi. Motar da ya fesa takan fito da ƙuraje tun daga bonet har but, shi kuma ya girgiza kai ya ce fentin yanzu ba irin na da ba ne.

Yaron shago. Da tiyo yake kaɗe ƙurar rigarsa, da shi yake taje kai, da shi yake tsokanar abokinsa. Nan wasa ya ƙare: matsattsiyar iska na jefa tsakuwa a ido, tana fasa dodon kunne, in kuma aka kara ta a jikin mutum ta shiga ciki tana iya fasa hanji. Maigidan da ya ga haka ya yi dariya, shi ma a wannan layi ake lissafa shi.

Mai neman zinariya. Nasa babba ne, na dizal, mai tayoyi, wanda ke tura injin huda dutse. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024. Yana da sikelin da ke auna zinariya ƙasa da giram, amma bai taɓa auna man injinsa ba. Yakan huda dutse a bushe, ba ruwa ba takunkumi, ƙurar kuwa taruwa take a huhu ba ta fita. Yakan kuma girke injin a bakin rami, hayaƙi na sauka kan waɗanda ke ciki.

GIDA NA UKU: MASU KULA DA SHI

Ai-yana-aiki. Bai san akwai famfo a gindin tanki ba. Ruwa na kwance ciki wata da watanni yana cin ƙarfe. Ran da wani ya buɗe masa, jan ruwa ya kwararo, sai ya tambaya wa ya zuba. In tsatsa ta huda tankin, wajen mai walda yake kai shi. Tankin da tsatsa ta huda a wuri ɗaya ta riga ta rage kaurinsa a wasu wuraren, maganinsa sauyi ne, domin in ya fashe da iska a ciki ba ya sallama.

Mai ƙonannen mai. Kan kwamfaresa na da nasa man. Wannan kuwa baƙin man da aka juye daga babur yake tacewa da tsumma ya ɗura. Man ya ƙone ya daskare a kan bawuloli, iska ta ragu, fetur ya ƙaru. Har yau yana ganin shi mai tattali ne.

Maƙiyin filta. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura kan toshe filta. Maimakon ya wanke ko ya sauya, sai ya cire ta ya jefar, ya ji inji ya ƙara kuzari, ya yaba wa kansa. Ƙurar na shiga tana goge zobban fistin. Mai ɗan imani daga cikinsu yakan ɗaura tsohuwar safa a wurin.

Mai aro. Ba shi da inji, amma ya fi mai shi sanin inda makullin shago yake. "Minti biyar, Yaya," yake cewa. Yakan dawo da shi bayan kwana uku, bel ya saki, tiyo ya gajarta, tare da shawarar cewa ya kamata a kai shi gyara.

Mai kiyayewa. Shi ne mafi ƙaranci. Da safe yakan duba mai da ɗaurin bel. Da yamma ya saki iska ya zubar da ruwan tanki. Yana wanke filta duk mako da hunturu, yana jan zoben bawul ɗin tsaro lokaci-lokaci ya tabbatar bai maƙale ba, yana sauya mai a kan ƙa'idar da kamfani ya rubuta, yana ajiye injin a inuwa inda iska ke kaɗawa, kuma gejinsa na da allura. Injinsa kan yi shekaru ba a buɗe kansa ba. Duk abin da yake yi a bainar jama'a yake yinsa, bai kai minti goma a rana ba. Duk da haka maƙwabtansa sun yi ittifaƙi cewa akwai layar da ya binne a ƙarƙashin shagon, har wasunsu na bin yaransa da tambayar sunan malamin.