Jinjina ga Garin Farin Haƙori

Duk wanda ya ce ci gaba bai iso Karare ba, to bai leƙa bakin samarinmu ba. Wahalar shiga mota zuwa Katsina neman likitan haƙori ta ƙare, tunda ga sauƙi ya zo a ƙulle cikin leda. Ranar kasuwar Batsari mai lasifika yana shelarsa tare da maganin basir: "Goga yau, yi dariya gobe!" Babu lambar NAFDAC a jiki, babu bayanin abin da aka haɗa. Daidai ne. Wane gwani ne yake tona asirin sana'arsa?

Wanda aljihunsa bai kai ba ma an ji tausayinsa. Malaman TikTok sun koya masa ya daka gawayi, ya zuba gishiri da bekin soda, ya matsa lemun tsami, ya dirje da buroshi har dasashi ya yi jini. Jinin nan, in ji masu abin, shaida ce magani ya kama.

Aiki kuwa yana yi, kada a tauye masa haƙƙi. Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, har ƙashi. Sai ga lemun tsami yana tausasa shi cikin ruwan sanyi, gawayi ya biyo baya ya kankare. Dattin goro da shayi da taba ya tafi, ɓawon ya raka shi. Ai baƙon kirki ba a barinsa ya tafi shi kaɗai.

Masu hassada suna cewa abin ba ya daɗewa. Ƙarya suke yi. Farin ne kawai yake gushewa, da zarar an koma wa goro da teburin mai shayi. Amma ɓawon da aka kankare ba ya sake tsirowa har abada. Abin da ke ƙarƙashinsa ruwan ɗorawa ne, don haka ƙara gogawa, ƙara rawaya, ƙara sayen wani ƙullin. Ina kasuwancin da ya kai wannan albarka? Ga kuma kyauta a kai: kurɓa ɗaya ta ruwan randa da asuba, mutum ya ji ta har tsakar ka. Rogon Batsari da rake kuwa, sai kallo.

Turawa dai matsorata ne. Tun 2012 Tarayyar Turai ta hana sayar wa kowa kai tsaye maganin da sinadarin hydrogen peroxide ɗinsa ya wuce kashi 0.1 cikin 100. Daga nan zuwa kashi 6 sai ta hannun likita. Duk da wannan ɗawainiya, farin nasu daga 'yan watanni ne zuwa shekara 3. A 2017 mujallar ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta bi binciken da aka yi kan gawayi, ta ce babu isasshiyar hujjar amfaninsa ko rashin illarsa. Su dai hujja, hujja. Da sun zo Batsari, da mai lasifika ya rantse masu an wuce wurin.

Abin tausayi kakanninmu. Mata su rina haƙora jawur da fure da goro su kira shi ado, maza su wuni da asuwaki ko reshen darbejiya, kyauta, ba ko sisi. Rashin wayewa ya sa da yawansu suka tsufa suna tauna aya da gasasshiyar masara. Mu kam mun waye: garin neman gira muna shirye mu ba da ido, mu biya kuɗi kuma mu yi godiya.

Saboda haka a ci gaba da dirza, samari. Wanda ya dage, nan gaba likita zai saka masa na roba. Waɗannan farare ne tas, kuma ko kusa ba sa jin sanyi.