Yadda Za Ka Ɗora Dogon Babur ɗin Ƙanƙara a Guntuwar A-kori-kura

Ɗan'uwa, idan kana da babur ɗin ƙanƙara irin na hawan duwatsu, motarka kuma a-kori-kura ce mai ƙofa huɗu da guntun bodi, to ciwonmu ɗaya tun da dusar bana ta sauka a Kalgari. Ba zan ce maka ka sauke marfin baya ba, ka san wannan. Mu fara da awo, don a nan matsalar take.

Na ɗaya. Bodinka ƙafa 5 da rabi ne. Ka kwantar da marfi, ka samu ƙarin abin da bai wuce ƙafa 2 ba. Babur ɗin da bel ɗinsa ya kai inci 154 ko 165 kuwa, daga hanci zuwa wutsiya yana neman ƙafa 11. Kenan sama da ƙafa 3 na reto a iska, kamar an kwantar da raƙumi a gadon yaro. Abin da ya cece mu shi ne injin a gaba yake, nauyin ma can ya fi taruwa. Saboda haka hanci ne zai fara shiga, har takalman gaba su dunguri bangon bodi. Duk wanda ya ce ka shigar da shi da baya, so yake ka jibge injin a kan marfi.

Amma tsakani da Allah, wa ya yanke wa a-kori-kura jela? Don kaya aka ƙera ta. A da, bodi mai ƙafa 8 ba abin nema ba ne, ka shimfiɗa faffaɗan katako ka rufe marfi ka kama hanya. Yanzu an mayar da ciki falo: kujera mai ɗumi, wurin ajiye kofi ta ko'ina, allo kamar na talabijin, sai aka rage wa kaya ɗan abin da ya saura. Su kuma masu ƙera babur sun nufi wata alƙiblar. Ski-Doo na farko da Joseph-Armand Bombardier ya fitar a Valcourt ta lardin Kebek a 1959 ɗan ƙarami ne mara nauyi. Na yau kullum ƙara tsawo yake, domin dogon bel ne ke hana shi nutsewa a dusa mai zurfi. Wannan na miƙewa, wancan na tsukewa, mu da ke tsakiya mu ke shan wuyar.

Na biyu, katako. Marfin baya wayoyin ƙarfe biyu ne kawai ke riƙe da shi, kaurinsu bai kai yatsa ba, kuma tsatsa na cin su ta cikin robar da ta lulluɓe su. Ka nemi katako mai kauri, ƙafa 4 da 8, ka shimfiɗa tun daga bangon gaba har bakin marfi, nauyi ya bazu. Zai kuma kare maka fenti, don ƙarƙashin takalman nan akwai ƙarafa masu kaifi da aka yi domin su kama ƙanƙara, kuma ba su san bambancin ƙanƙara da bodin motarka ba.

Na uku, hawa. Ka ɗaure tsanin lodi da ƙugiyar bayan mota kafin komai. In ba haka ba, da bel ya kama shi sai ya watsa shi baya, kai da babur kuna sama. Totur ɗin kuma da babban yatsa ake danna shi, yatsan da sanyi ya riga ya sandarar. Ka danna kaɗan, ka tsaya a tsakiyar tsani bel na juyawa a banza. Ka zarce, hancin babur ya leƙa kujerar baya ta cikin gilashi. Mafi sauƙi shi ne ka ja motar da baya ka jingina ta da tudun dusar da motar share hanya ta tara, ka hau a miƙe. Sai dai a filin ajiye motoci na Revelstoke, inda muke zuwa hawa, kowa tudun nan ɗaya yake so.

Kuma daidai lokacin ne masu ba da shawara za su zo. Hannu a aljihu, kofi na tururi. “Malam, me ya sa ba ka sayi ƙaramar tirela ba?” Bawan Allah, in ajiye ta a ina? A gaban gidan hayan da mota ɗaya ma da kyar take samun wuri? Ka taɓa jan tirela a mashigar Rogers ta kan hanyar Revelstoke dusa na zuba, manyan motoci na watsa maka caɓi? Daga Kalgari zuwa Revelstoke sama da kilomita 400 ne, yawancinsa hawa da gangara. Wani kuma zai ce ka kafa dakalin ƙarfe a saman bodi. Dakalin yana aiki, amma yana ɗaga nauyi sama, mota ta riƙa tangaɗi a kwana, tsanin kuma ya ƙara tsayi. Duk masu wannan shawara, ban taɓa ganin ɗayansu ya cire hannu daga aljihu ya kama min wutsiya ba.

Na huɗu ne ko na biyar, ɗauri dai. Bel ɗin ɗauri biyu a gaba, biyu a baya, ka ja birkin ajiya na babur ɗin. Kada ka ɗame har sifirin ya kwanta. Bel ɗin ɗauri da ya jiƙe jiya, yau ya zama sanda. Ƙarfen ɗame shi ba ya motsi da safar hannu, in ka cire safar kuma ƙarfen ya manne da fata. Ka kwana da bel ɗin ɗaurin cikin ɗaki.

Jan ƙyalle a wutsiya. A Ontariyo doka na neman sa idan kaya ya fito da mita 1.5, a Minesota ƙafa 4, da dare kuma jar fitila. Ka ɗaura kawai, ko bai kai ba. Sai rufi, saboda gishirin hanya na cin duk abin da ya leƙo waje.

Kyamarar baya kuma a jikin marfi suka dasa ta! Marfi na kwance, tana nuna maka kwalta, na'urar gargaɗi na ta ƙara don ta ɗauka za ka buge marfin motarka. Daidai ranar da ka fi bukatar ganin bayanka, ranar ce aka makantar da kai.

Saukewa kuwa, in babur ɗinka na da ribas, ka gode wa Allah. In tsoho ne mara ribas, kilo 200 da ɗoriya ne, da hannu za a ja shi, kuma masu kofin nan duk sun watse.