Yadda Ake Tarbar Shida Biyu a Majalisar Lido

Da rani a Bagwai, in an dawo daga ban-ruwan albasa da tumatir a bakin dam ɗin Watari, an sallaci la'asar, sai allon lido ya fito gindin darbejiya. Wasa na tafiya lami lafiya har sai wani ya kaɗa gwangwani, ya kife a kan gilashi, ya ɗaga, ga shida ga shida. Nan take majalisa za ta cika da malaman doka, kowa na cewa a garinsu ba haka ake yi ba.

Ɗan'uwa, maganin wannan ɗaya ne: a yanke hukunci tun ƙwaya tana cikin gwangwani. In baƙo ya zo daga Kiyawa, Romo ko Gadanya, a ba shi ruwa, a ba shi benci, a karanta masa dokar gida kafin ya taɓa allo. Dokar da aka tuno bayan shida ta fito, mai ita ya mayar da ita aljihu.

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. A Amurka akwai wasan Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 1974. Ana zama a kewaye tebur, mutum ɗaya na ba da labari, saura kowa ya zama jarumi a cikinsa. Babbar ƙwayarsu fuska 20 gare ta. Wanda ya jefa 20 saransa ya shiga ke nan, a ninka masa ƙwayoyin ɓarna. Amma kowane tebur da ƙarin da yake yi: wasu su ce hannun dodo ya guntule, wasu su ce wanda ya jefa 1 takobinsa ya karye. Tasu sa'ar sau ɗaya ce cikin 20. Tamu sau ɗaya ce cikin 36, don haka ta fi cancantar a shimfiɗa mata tabarma.

Ga abin da nake goyon baya. Mai shida biyu ya fito da 'ya'ya biyu in yana so, ya kuma sake kaɗawa. Haƙƙinsa ne, kada a yi masa ƙyashi. In ta sake fitowa a jere, abin da lissafi ya ce sau ɗaya ne cikin 1,296, a taya shi murna da zuciya ɗaya. In ta zo a karo na uku, kada a zargi kowa. A dai canza gwangwani, a roƙe shi ya naɗe hannun riga, ya kaɗa da ƙarfi har mai shayi ya ji ƙarar. Masu ɗan girgiza gwangwani a hankali suna leƙa ciki, su ma wannan dokar ta hau kansu.

Ƙwayar da ta faɗi ƙasa ba ta da lissafi, ko da shida ta nuna wa duniya. Haka wadda ta hau kan 'yar'uwarta.

Inda aka fi ɓatawa shi ne wurin ci. Majalisu da yawa sun yarda ɗan da ya ci wani ya wuce gida kai tsaye. Na amince, amma ban da ɗan da ya fito yanzun nan albarkacin shida biyu. Fitowa, ci da shiga gida a hannu ɗaya ya yi yawa. Wanda ya sha zagayen allo ya kusa ƙofar gidansa shi ma yana da haƙƙin a bar masa fata. Shida biyu ta ɗaga wasa, kada ta kashe shi.

Girma kuma ba ya kare ɗa. In na Kawu ne a gabanka, ka rusuna ka ce, "Kawu, a yi haƙuri," ka ɗauke shi. Surukinka dai kada ka soma zama allo ɗaya da shi.

An yarda da ihu ɗaya. Ba hawa benci, ba tono bashin taki. 'Yan kallo su yi dariya iya son ransu, amma wanda ya nuna wa wani ɗan da zai tura, shi zai kore awaki daga wurin har a tashi. Kuɗi ba ya hawa allo, don daga nan sunan abin caca. Da ladan ya ɗaga murya kiran magariba, duk abin da ke ƙarƙashin gwangwani ya ƙone, kuma wanda ya zo na ƙarshe shi ke ɗaukar benci.