Jinjina ga Tafintan Fadar Masu Gem

Allah ya ja zamanin RetroTINK-4K, ƙaramin akwati mai babban kuɗi, gagara gasa, tafintan fadar masu wasan gem, wanda ya sauka kasuwa a ƙarshen 2023 da farashin dalar Amurka 750 aka kuma yi ta rububinsa. A kuɗinmu abin ya haura jika 400. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata, wato lebura zai share wata goma bai ci ba bai sha ba kafin a ba shi izinin ganin fuskar mai martaba. Girma ya kai girma.

Wanda bai san asalin sarautar ba, ga tarihinta. Na'urorin wasa na dauri, irin su Mega Drive ta 1988 da Super Nintendo ta 1990 da PlayStation ta 1994, hotonsu layi 240 ne, kuma tsohuwar tele mai ƙusumbi tana karɓarsa nan take. Sai manyan kamfanoni, Allah ya saka musu, suka kawo mana tele shafal mai kaurin littafi, wadda wayewarta ta kai ta manta yaren iyayenta. Wasu an toshe musu ramukan nan uku, rawaya da fari da ja, don kada talakan waya ya kusance su. Waɗanda aka bar musu ramukan kuwa sai su dama hoton, su kuma yi jinkiri: ka danna maɓalli yanzu, ɗan wasanka ya buga ƙwallo bayan ya yi nazari. Natsuwa ce ta manya, waɗanda ba sa amsa kira da rawar jiki.

A nan tafinta ya shigo fada. Yana karɓar kowane layi ya ninka shi sau 9 har ya cika layi 2160 na sabuwar tele. Wannan ma somin taɓi ne. Babbar karamarsa ita ce yana zana baƙaƙen layuka a tsakanin hoton, yana kwaikwayon ƙwayar gilashin Trinitron da Sony ta daina ƙerawa a 2008, har sai sabuwar tele ta koma sak tsohuwar da aka jefar domin a saye ta. Mutum ya kashe kuɗi ya rabu da tsohuwa, ya kuma kashe wasu ya dawo da kamanninta. Wane malamin lissafi ne ya taɓa hango riba irin wannan?

Shi ma tafintan, saboda tsananin tawali'u, bai yarda ya gama karatu ba. Lokaci lokaci akan sabunta masa manhajar da ke cikin cikinsa, kuma bikin yana da ladubba. A nemi kwamfuta da intanet mai ƙarfi, a sauko da sabuwar manhaja, a kwance ƙunshinta, a ɗora ta a katin memori, a kai katin gaban mai girma da hannu biyu. Sai a ba da umarni a koma gefe a yi tsit, ƴar fitilarsa tana ƙyaftawa, mai gida yana riƙe da numfashi. Kowace sabuntawa takan gyara abin da ta baya ta bari, ta kuma bar wa ta gaba nata rabon, domin kada zumunci ya yanke tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Sharaɗi ɗaya tak ake gindayawa, mai sauƙin gaske: kada wuta ta ɗauke ana cikin aikin. Mutanen Tasawa sun san darajar wannan sharaɗi, su da wutarsu ke biyo layin Katsina zuwa Gazawa, wanda Najeriya ta katse a watan Agustan 2023 bayan takunkumin CEDEAO, bai dawo ba sai Maris na 2024. Amma zakarun cika sharaɗi su ne ƙauyukan Mayahi da falwaya ba ta taɓa takawa ba. A can ba a taɓa jin wuta ta ɗauke wa wani yana tsakiyar sabunta manhaja ba, ko sau ɗaya. Wace unguwa ce a Tokiyo ko Landan za ta bugi ƙirji da tarihi mai tsabta haka?

Abin tausayi su ne yaran rumfar gem. Suna jere a benci, ga PlayStation 2, ga tele mai ƙusumbi a kan tebur, batir da faifan sola ko ɗan janareto na ƙugi a waje, kowa ya biya ƴan canjinsa ya buga wasan ƙwallo. Ƙwayar gilashin da masu arziki ke biyan dala ɗaruruwa su kwaikwaya, su suna kallonta ta gaske, babu jinkiri, babu tafinta, kuma ba wanda ya sanar da su irin asarar da suke tafkawa. Telensu ba ta taɓa samun albarkar sabuntawa ba tun da aka ƙera ta. In ta yi gardama a ɗan mare ta a gefe, in ta ƙi a kai wa mai gyara ya ɗiga mata darma ta tashi. Jahilci dai bai yi ba.

Wajibi ne kuma mu gode wa Turai, uwar karamci, wadda ta cika kwantena da waɗannan teloli ta aiko mana ta Kwatano da Legas da sunan gwanjo, kowace da gilashinta mai nauyin gubar darma. Yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta hana shigo da shara mai guba Afirka, amma wa zai kira kyauta shara alhali ta kawo wuta sau ɗaya a tashar jirgin ruwa? Sun bar mana gangar jikin, da gubar, da hayaƙin wayoyin da yara ke ƙonawa don ciro tagulla. Su kuwa ba su riƙe wa kansu komai ba sai hoton layukan, wanda ba ya da nauyi kuma ba ya sa tari.

Allah ya ƙara wa manhaja lamba, ya kawo tele mai layi 4320 gida gida, ya naɗa mata sabon tafinta. Idan na yau ya tsufa, kada masu shi su damu da inda za su ajiye shi, akwai sauran fili a bayan kasuwar Tasawa.