Ire-iren Mutanen da Gyaran Banɗaki ke Tarawa a Sahuda

Banɗaki shi ne ɗaki mafi ƙanƙanta a gida, amma babu ɗakin da gyaransa ke tara gwanaye kamarsa. A Sahuda, garin da ke bakin iyakar Najeriya da Kamaru a ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu, aikin tsari ɗaya yake bi: a fasa tsohon daɓe, a binne bututu, a kafa masai, a shimfiɗa tayil, a haƙa sokawe. Kowane mataki da irin mutanensa.

Na farko shi ne mai gida mai hoto a waya. Ya ga banɗakin wani otal na Dubai a Facebook, yana so a sauke masa shi a fili mai taku huɗu. Dole a sa shawa, alhali ruwan gidan a jarka 'yan ga-ruwa ke kawowa. Ƙarshenta shawar ta zama maratayar tawul, bokiti ya ci gaba da mulkinsa.

Na biyu mai shagon kayan gini. Simintin daga Ashaka ta jihar Gombe ya taso, tayil ɗin daga kasuwar Mubi, amma duk ƙarin farashin da aka samu, a cewarsa, sefa ce ta jawo. In sefar ta sauka kuwa, sai kayan su zama tsohon sari.

Sai fulamba, wanda ke buɗe kowane aiki da tambaya guda: "Alhaji, wa ya yi maka wannan ɓarna?" Yakan yi ta ko da shi ne ya yi aikin bara.

Mai tayil kuwa sarki ne a wannan fage. Ranar farko sammako yake yi, da fensir a bayan kunne. Ya auna bango, ya ƙwanƙwasa daɓe, ya girgiza kai, sannan ya ce, "Kwana uku ne, Alhaji, in sha Allahu." Ya karɓi kafin alƙalami, ya fasa tsohon daɓen tas, domin ya san banɗakin da aka fasa ba a korar mai gyaransa. Rana ta biyu ya shimfiɗa layi biyu masu kyau abin nunawa baƙi. Rana ta uku sai yaronsa ya zo ɗaukar injin yanka, wai za a wasa shi. Daga nan wayar Oga ta daina shiga, don ya tsallaka iyaka zuwa Bukula wani aikin, layinsa ya koma na Kamaru. Uzurinsa ba ya ƙarewa: ranar kasuwa ce, ana suna a gidan ƙanwarsa, babur ya mutu a hanyar Mubi, damina ta sauka ya leƙa gona. A tsakanin nan iyalin gida na sallama a gidan maƙwabta da buta a hannu. In an tuna masa cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, sai ya yi dariya ya ce gaskiya ne, gobe da asuba. Ranar da ya dawo kuma da labari yake dawowa: tayil bai isa ba, saura kwali ɗaya, kuma irin wannan launin ya ƙare a Mubi. Shi ya sa banɗakuna da dama ke da kusurwa guda mai launi daban. Alamarsa ta ƙarshe ita ce gangara: ruwan wanka kan bi ko'ina ban da rariya, har sai an ajiye tsintsiya ta musamman don kora shi.

Akwai kuma dattijon da ba ya bayyana sai siminti ya bushe. Ya leƙa, ya dubi gabas, ya ce, "Malam, ai wannan masai alƙibla yake fuskanta." Maganarsa a kan hanya take, makara ce kawai ta yi mata yawa. A bayansa akwai ɗan kallo, wanda ke zaune kan bulo yana ba da shawara bai taɓa riƙe cokalin gini ba. Wasu daga cikin wannan rukuni har rubutu suke yi a mujallu.

Duk waɗannan abin dariya ne, ban da na ƙarshe: wanda ya kashe kuɗi a kan tayil mai walƙiya, ya ga haƙa sokawe asara ne, ya huda katanga ya saki ruwan banɗaki a lungu. Nan yara ke wasa, nan sauro ke ƙyanƙyasa, kuma da damina ruwan na iya kaiwa ga rijiyar maƙwabci. Mutanen Mubi sun ga annobar amai da gudawa a 2018, sun san abin da gurɓataccen ruwa ke jawowa. Wannan mutumin ba talauci ke damunsa ba, rashin ganin haƙƙin maƙwabci ne, kuma maganinsa mai unguwa da duba-gari.