Mutanen Hutun Bazara: Daga Kaskon Cincin Zuwa Ƙofar Gamji

Hutun zango na biyu na ’yan makaranta a Kaduna yakan faɗo ne a tsakiyar bazara, lokacin da mangwaro ya nuna, rijiyoyi suka ja baya, fanka kuma take hura zafi in an yi sa’a akwai wuta. A ’yan shekarun nan sai Ƙaramar Sallah ta biyo sahu: 21 ga Afrilu a 2023, 10 ga Afrilu a 2024, 30 ga Maris a 2025, Ista ma tana kusa, ko gaba ko baya. Ga yara a gida, ga suya, ga zafi. An ce hutun na yara ne, amma abin da yaro ke nema bai taka kara ya karya ba: guntun kwaɓin fulawa, tsohon gwangwani, da a ƙyale shi. Manya ne ke mai da abin gasa, ko aji, ko kotu. Ga waɗanda za ka tarar a Doka da unguwannin da ke kewaye da ita, daga Unguwar Sarki har Kabala.

Hajiya Mai Ma’aunin Ido

Ba ta taɓa riƙe sikeli ba, ba ta kuma da niyya. Tun goman farko na azumi ta shiga Babbar Kasuwa ta Sheikh Abubakar Gumi ta kwaso fulawa mudu-mudu, da sukari, da bota, da gyaɗar ƙamshi, da jarkar man gyaɗa, kafin ’yan kasuwa su tuna Sallah ta matso. Tambaye ta sukari nawa ake sawa, ta ce, “Daidai misali.” Bota fa? “Har sai ya ji.”

Kada wannan ya ruɗe ka, ilimin na nan. Ta san bota in ta yi yawa cincin zai wargaje a kasko. Sukari in ya wuce kima zai yi baƙi tun cikinsa bai soyu ba. Ƙwai in aka zarce, mai zai yi ta kumfa har ya zubo wa wuta. Mai kuma in bai yi zafi ba, cincin ne zai shanye shi. Alkaki kuwa ba ta barin kowa ya sa mata hannu, don sai kwaɓin alkama ya kwana ya yi tsami, a sa kanwa, a naɗe, a soya, sannan a tsoma a zuma ko ruwan sukari.

In an gama, a zuba a bokitin fenti da aka wanke tas, a tura ƙarƙashin gado, a ja ƙofa. Abin mamaki, wadda ba ta auna sukari ba, ita ce ta san adadin abin da ke cikin bokitin. “Wa ya shiga ɗakina? Jiya cincin ɗin nan yana wuya, yau ya sauko kafaɗa!”

Anti Mai Kek ɗin Waya

Ta gani a TikTok: kek mai hawa uku, da kunnuwan zomo a sama. Matar da ke bidiyon tana magana da giram-giram, da zafin obin digiri 180, cikin kicin mai sanyi. Anti ta tara yara ta yi musu alkawari, ta fasa ƙwan da zai ishi gidan karin kumallon mako, ta buga kwaɓi har hannunta ya sage. Tana rufe obin aka ɗauke wuta.

A nan ne ake komawa ga dabarar da ta raina. A aiki yaro ya ɗebo yashi daga wanda tifa ta kwaso a Kogin Kaduna ta jibge wa maƙwabci mai gini. A shimfiɗa shi a gindin babbar tukunya, a shafe gwangwanayen madara da bota, a zuba kwaɓi rabi-rabi, a jera, a rufe, a ɗora garwashi bisa murfi. Yashi yana riƙe zafi yana rarraba shi a hankali, shi ya sa gindin kek ba ya ƙonewa tun sama na ɗanye. Sharaɗi ɗaya ne: kada a buɗe da wuri. To, yara takwas na tambaya “Anti, ya yi?” kowane minti, ita ma zuciyarta na tambaya. Ta buɗe, iska ta shiga, kek ya zauna.

Kunnuwan zomon da ta yi da bota da sukari ba su kai la’asar ba, zafin Afrilu ya kwantar da su. Duk da haka ta juya gefen da bai ƙone ba, ta ɗauki hoto, ta ɗora a WhatsApp da “Alhamdulillah, aikin hannuna.” Yaran kuwa faɗa suke a kan ƙonannen gefen, wai ya fi garɗi.

Kawu Ɗan Ɗanɗano

Bai san kuɗin mudun fulawa ba, amma hancinsa ya san gidan da aka ɗora kasko tun daga bakin titi. Ana sallame asham sai ga sallamarsa. “Yaya, wucewa nake, ƙamshi ya tare ni. Kawo in ji ko gishiri ya ji.” Cikin tafi na farko bai gane ba, bakinsa da sauran ɗanɗanon kunu. Na biyu ya yi zafi da yawa. A na uku zai yanke hukunci cewa na bara ya fi. In bokiti ya yi ƙasa, shi ne kan gaba wajen cewa yaran zamani ba su da tarbiyya, alhali aljihun kaftaninsa ya yi taswirar mai.

Ƙananan Leburori

Su ne masu “Umma, in taya ki?” Akwai wanda aka ba guntun kwaɓi don ya yi shiru, ya murza shi a faranti, ya murza a tabarma, ya faɗi ƙasa ya ɗauka ya hure, har farin kwaɓi ya koma ruwan toka. Daga nan ya ƙera ƙadangare, ya kafe sai an soya masa. Ana soyawa, kuma shi ne cincin ɗaya tilo a gidan da ko Kawu ba ya taɓawa. Akwai wadda rabin abin da take yankawa ke wucewa baki ɗanye. Akwai kuma mai azumin rabi-rabi, wanda ke buɗe baki da hantsi, da azahar, da la’asar, ya zo magariba ya riga kowa zama gaban ƙosai yana cewa yau ya sha wuya.

Injiniyan Layi

Shekararsa ba ta fi tara ba. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri tun 1975, da injuna da ɗaruruwan ma’aikata; shi kuwa masana’antarsa inuwar katanga ce, kayan aikinsa ƙusa da dutse. Gwangwanin kifi ne jikin mota. Taya daga tsohon silifas ake yanko ta, a huda, a zura tsinken tsintsiya. Sitiyari doguwar waya ce da yake tuƙawa yana tsaye. In ya sami karan dawa, da ɓawon yake gini, totuwa ta zama mahaɗi, ya fito maka da tirela ko tabarau.

Matsalarsa guda: a idonsa kowane silifas tsoho ne. Maigida zai fito alwala ya tarar da ƙafar dama lafiya lau, ta hagu da ramuka huɗu masu kyan zagaye. Za a yi masa faɗa, a ce wasan banza yake. Amma duk wanda ya taɓa shiga Panteka ya ga yadda ake mai da tarkacen ƙarfe murhu, tukunya da injin niƙa, ya san inda irin waɗannan hannaye suke dosa.

Uwar Biki

Ita ce ke bin shagunan teloli tana tsintar ƙyalle, kuma gab da Sallah ƙyalle ba ya wuya, ɗinkin mutane ne ke wuya. Ta ɗaura wa ’yar tsanarta zane da kallabi, ta sa ranar biki, ta fitar da anko. Tuwon ƙasa a murfin kwalba, miyar ganyen darbejiya a gwangwanin tumatir. Abin tsoro shi ne yadda take magana. Ka kasa kunne ka ji tana ce wa ƙawarta, “Ni dai gudunmawar da kika kawo ban ga alamar zumunci a ciki ba.” Babu uwar da ke jin wannan ba ta sunkuyar da kai ba, domin ta san bakin da aka kwaso shi.

Daraktan ’Yan Tashe

Azumi na kaiwa goma yake karɓar mulki. Shi ke raba matsayi: wannan a manna masa gemun auduga, wancan a cusa masa tsumma ya yi tumbi, ƙaramin cikinsu a shafe shi da gawayi ya riƙe gangar gwangwani. Shi kansa ba ya rawa, ba ya waƙa. Jakar kuɗi yake riƙewa. Rabo kuwa kullum a ƙarƙashin fitilar mai shayi ake yinsa, kullum kuma da kuka ake tashi.

Abba Mai Lesin

A wurinsa hutu kuskure ne da gwamnati ta yi, shi kuma zai gyara. Ranar da aka rufe makaranta ya liƙa jadawali a bayan ƙofa: lesin da safe, Islamiyya da yamma, bitar lissafi bayan isha’i. Wasa yana nan, minti talatin, tsakanin wanka da abinci. In ya ga yaro da motar gwangwani sai ya ce, “Wannan ce za ta rubuta maka jarrabawa?” Ka bar shi da abokansa a majalisa bayan magariba, ka ji yadda yake ba da labarin langar da suka yi a Unguwar Shanu, da mangwaron da suka jefa a gidajen Turawa har maigadi ya biyo su. A nan idonsa har ƙyalli yake.

Mai Miƙa Waya

Ba ya faɗa, ba ya jadawali. Yaro ya yi motsi, “Ungo, je ka kalli katun.” Gida ya yi tsit, ya ce ya iya reno. Sai dare ya gano data ta ƙare, an goge masa lambobi, an kuma tura wa surukinsa hoton biri har sau shida.

Madam Maƙwabciya

Rikice-rikicen 2000 da 2002 sun sa mutane da yawa sun yi ƙaura, wasu suka haye kudancin kogi, wasu suka dawo arewa. Ita ba ta je ko’ina ba. Ranar Ista za ta aiko ’yarta da kula cike da shinkafa da kaza, da ledar cincin mai taurin da ke gwada haƙori, tare da saƙon cewa Malam ne ya yanka kazar, kowa ya ci hankali kwance. Kular ba ta komawa wofi, kuma ba ta komawa da wuri. Sai ranar Sallah, da waina da miyar taushe. Akwai kular da ta yi shekaru tana wannan zirga-zirga har an manta ta wane gida ce.

Jikokinta sun ga yadda a Turai da Amurka ake rina ƙwai a ɓoye cikin ciyawa yara su nema, har fadar shugaban Amurka na tara yara wasan mirgina ƙwai tun 1878. Suka ce su ma a yi musu. Madam ta dube su, ta dubi kiret ɗin ƙwan da ta sayo, ta ce duk wanda ke son neman ƙwai ya bi kaza.

Baba Mai Tarihi

Ya yi alkawarin kai yara Ƙofar Gamji, wurin shaƙatawar nan na bakin kogi da ke ɗauke da sunan Janar Hassan Usman Katsina, kuma ya cika. Yara bakwai a Keke Napep ɗaya, kowa da sabon ɗinki da tabarau na roba. Suna shiga suka hango lilo da mai askirim, shi kuwa ya ja su wajen wata ’yar gadar ƙarfe. “Ku tsaya nan. Wannan gadar Gwamna Lugga ce. A Zungeru aka kafa ta a 1904, tun kafin a dawo da hedkwatar Arewa Kaduna a 1917. A 1954 aka kwance ta aka kawo nan.” Duk gaskiya ne. Yara na kallon askirim yana narkewa a hannun ’ya’yan wasu. Ya tambaya ko akwai mai tambaya, autar ta ɗaga hannu: “Baba, shi Luggan ya bar ’ya’yansa sun hau lilo?”

Ma’ajin Barka da Sallah

Yaro ya wuni yana yawon Sallah, gidan Gwaggo, gidan Baffa, gidan Kaka, ya dawo ƙafa duk ƙura, aljihu cike da sababbin takardu yana ƙirgawa yana sakewa. Ya riga ya sayi keke, ƙwallo da bindigar ruwa a zuciyarsa. Sai murya mai taushi ta fito daga ɗaki: “Kawo in ajiye maka, kada su faɗi.”

Wannan shi ne banki mafi daɗewa a ƙasar Hausa. Ba fom, ba rasit, ba layi. Ko a 2023, shekarar da canjin takardun 200 da 500 da 1000 ya sa mutane kwana a bakin bankuna, wannan bai daina karɓar ajiya ba. Biya ne dai bai taɓa yi ba. In mai ajiya ya zo cira, amsar a shirye take: “Takalmin da ke ƙafarka da me aka saya? Cincin ɗin da ka ci fa, daga sama ya faɗo?” Akwai masu furfura a Doka yau da ke bin iyayensu kuɗin Sallar shekarar da aka yi hawan dabar FESTAC a Dandalin Murtala, 1977. Babu wanda ya kai ƙara a cikinsu, domin kowannensu ya riga ya buɗe nasa reshen.