Allurar da Ta Fi Makaɗi Iya Kiɗa

Jiya Lahadi, a kasuwar gwanjo ta Saint-Ouen da ke bakin birnin Paris, na yi kiciɓis da faifan garmahon da na daɗe ina farauta: na farko na makaɗin jaz Jacques Thollot, wanda kamfanin Futura na Gérard Terronès ya fitar a 1971. Sunan faifan kaɗai ya isa shaida a kan mai shi, don ma'anarsa ita ce idan sauti ya yi tsini, a jefa raƙumin dawa cikin teku. Kuɗin da aka yi masa sun kai na ragon layya. Kawuna, wanda ya zo daga Maraɗi sarin kaya, yana bayana riƙe da leda.

Mai shago ya ɗora faifan, ya sauke allura. Wasu Turawa masu tara faifai suka matso. Na lumshe ido. Can sai wani bugu ya shigo: tak-tsss, tak-tsss, tak-tsss, ba ƙari ba ragi. Tsikar jikina ta tashi, bakina ya buɗe. Da Faransancina na ranar salla na shiga yi musu karatu: wannan fa yaron Kenny Clarke ne, tun bai yi gemu ba yake kiɗa a gidajen rawar Paris, ya buga da Don Cherry, kuma a wannan faifan kusan shi kaɗai ya kaɗa ganguna da fiyano, ya ɗora wani sauti kan wani. Na ɗaga hannu sama na ce, "Ku saurara! Wane ɗan Adam ne zai riƙe bugu ɗaya haka bai kauce ba?"

Mai shago bai ce uffan ba. Ya miƙa ɗan yatsa, ya ɗan taɓa allurar. Ta tsallake ƙwarzanen da ta maƙale a ciki, Thollot ya ci gaba da harkarsa.

Yatsan nan nake gani har yanzu. A hankali ya tafi, da ladabi, farcen a yanke tsaf. Hannuna na sama. Kaina bai sami labari ba, yana ta gyaɗawa. Wata tsohuwa ta cire tabarau tana gogewa, kafaɗunta na rawa. Yatsa, allura, shiru, hannuna na sama.

Nan Kawu ya ajiye leda, ya karɓi ragama. "Ɗana, ka ce ya shafa wa faifan man shanu, bushewa ce." Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri." Ya ce, "To ya rage kuɗi, tunda rabin kiɗan allurarsa ce ta yi, ba Baturen ba." Da ya tambayi sunan faifan na faɗa masa, sai ya tafa hannu. "A teku? A Kure, kusa da Yamai, ko tsawa ka yi wa raƙumin dawa sai ka kwana hannun jami'an daji. Kada ka shiga jirgi da wannan abu."

Ya ƙara kasa kunne, ganguna na ta faɗowa kan fiyano, ya yamutsa fuska. Sannan ya dafa kafaɗar mai shago, ya dube ni.

"Gaya masa ya mayar da ita inda ta maƙale. Nan ne kawai ake iya taka rawa."